Babi na Shida: Abin da Za a Sha a Gidan Biki

Duk wanda ya taɓa aurar da ɗa ko 'ya a Kanya Babba, ko a cikin garin Babura, ko can wajen Kazaure da Roni da Gwiwa, ya san akwai wata tambaya da takan taso tun ran da aka sa rana, ba ta kuwa kwantawa sai an kai amarya ɗakinta an watse, ita ce: me za a ba mutane su sha? A ƙarƙashin wannan tambaya kuma akwai wata wadda ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba, sai dai tsakanin maigida da uwargida bayan an yi sallar lisha yara sun yi barci, wato, in muka tsaya ga zoɓo da kunu, ba mu sayo lemon kwalba ba, za a ce mun gaza? Wannan ta biyun ita ce ta sa mutane da yawa sayar da buhun gero da ba su yi niyyar sayarwa ba, ita ce kuma muke nufin mu warware a cikin wannan babi, sannu a hankali, daga tushe.

Ruwa kafin gaisuwa

Al'adar ƙasar Hausa tun fil azal ita ce, idan baƙo ya yi sallama aka shimfiɗa masa tabarma, ba a tsananta masa da tambayar gida da iyali ba sai an kawo masa ruwa ya sha, ya ajiye numfashi, sa'an nan a sake gaisawa gaisuwa ta sosai. Gidan biki kuwa ba wani abu ba ne illa gidan da baƙi suka yi yawa a yini guda, saboda haka hukuncin da ke kan baƙo ɗaya shi ne ke kan ɗari uku. Mutumin da ya taso da sassafe daga Ɗambatta ko Daura, ko ya ƙetaro iyaka daga wajen Magarya a kan babur, ƙura ta buɗe shi tun daga hula har takalmi, ba shinkafa ce farkon abin da ransa ke biya ba, ba kuwa lemo ba ne, domin zaƙi ba ya kashe ƙishirwa, sai ma ya ƙara ta. Ruwa yake so mai sanyi, a mazubi mai tsabta, a miƙa masa ba tare da ya roƙa ba.

Lokacin da aka yi bikin shi ne ke nuna yawan ruwan da za a tanada. Galibin aurarrakin karkara da kaka ake yinsu, bayan an kai amfanin gona gida, ko kuma a watan Sha'aban, don a kai amarya kafin azumi ya kama. Biki na cikin hunturu ba ya cin ruwa, kunu mai zafi ma ya fi karɓuwa a lokacin. Amma in ranar ta faɗo cikin bazara, tsakanin Maris da Mayu, sa'ad da zafi a wannan yanki kan wuce digiri 40 da tsakar rana, to lalle ruwa ya zama shi ne babban abincin bikin, kuma sanyinsa ya zama abin da mutane za su tafi suna labari ko suna ƙorafi.

Ba sai da lantarki ake samun sanyi ba, wannan kuwa kakanninmu sun sani tun kafin a zo da firji. Randar ƙasa tana tsatsafar da ruwa kaɗan-kaɗan ta jikinta, iska kuma idan ta busar da wannan danshi sai ta tafi da zafin abin da ke ciki, shi ya sa ruwan randa ya fi daɗi a lokacin da iska ta fi bushewa. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ya gina tukunyarsa mai hawa biyu, ƙarama a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu da jiƙaƙƙen ƙyalle a bisa, ya yaɗa ta a ƙauyukan jihar nan, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Gidan da ya jera randuna a inuwa tun daren jajibiri, ya cika su, ya rufe su da faifai, ya riga ya sauke rabin nauyin da ke kansa, ko da ƙanƙarar da aka yi oda daga gari ta makara a hanya.

Asalin al'amarin a shari'a

Mai karatu ya riga ya sani cewa giya ba ta cikin lissafinmu, domin haramcinta tabbatacce ne da nassin Alƙur'ani a cikin Suratul Ma'ida, kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, shayar da mutane a walima yana da asali a cikin sunna, asali kuwa mai ban sha'awa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani sahabi, Abu Usaidin Assa'idi, ya gayyaci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa walimar aurensa, kuma amaryar da kanta ita ce ta yi wa baƙi hidima a ranar. Abin da ta shayar da shi kuwa shi ne ruwan dabinon da ta jiƙa tun da dare a cikin wani mazubi na dutse. Babu abin da aka sayo daga nesa, babu abin da aka ci bashi dominsa. Abin da ƙasar Madina ke fitarwa aka jiƙa, aka tace, aka miƙa wa mafificin halitta, ya kuwa sha.

Wannan jiƙon shi ne fuƙaha'u ke kira nabizu, sun kuma yi dogon bayani a kansa, saboda yana tsaye a kan iyaka tsakanin halal da haram, abin da ke ƙetarar da shi kuwa lokaci ne kawai. An ruwaito daga Nana A'isha cewa sukan jiƙa da safe a sha da yamma, su jiƙa da yamma a sha da safe. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ba a barinsa ya wuce yammacin kwana na uku. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, littafin da almajiran ƙasar nan ke karantawa a zaurukan malamai tun ƙarnoni, an ambaci hanin gauraya iri biyu a jiƙo ɗaya, da hanin jiƙawa a cikin wasu mazubai, masu sharhi kuma suka bayyana cewa hikimar ita ce irin wannan yana saurin juyawa ba tare da mai shi ya farga ba. Illar hukuncin ke nan: duk abin da yake da zaƙi, in ya sami ɗumi da lokaci, ƙwayoyin yisti da ke yawo a iska da jikin hatsi za su cinye zaƙin su mai da shi barasa. Da dawar da ake dama kunu, da dawar da ake dafa burkutu, daga rumbu ɗaya za su iya fitowa.

Ba muna cewa kunun da ya kwana ya zama giya ba ne, a'a, tsamin da yake yi da farko irin tsamin nono ne, ba ya sa maye. Abin da muke nufi shi ne, uwar biki da ta ga jarkar kunu ta kumbura, ko ta buɗe murfi ta ji ya yi tsaki yana kumfa yana wari, to kada tsoron asara ya sa ta zuba sukari ta rufe aibin ta aika wa mutane. Shari'a da likita duk sun haɗu a kan a zubar.

Abin da ƙasar ke bayarwa

In aka bi misalin matar Abu Usaidu, aka tambayi abin da ƙasarmu ke fitarwa, to zoɓo ne zai fara amsawa. Manomin wannan yanki yakan shuka yakuwa a gefen gona, ko ya tsarma ta cikin gero da gyaɗa, a ci ganyenta a miya da fate, idan kuma kaka ta yi a ɓare jan kwanson da ke lulluɓe da 'ya'yan a shanya. Wannan busasshen kwanso, wanda a dā mata kan ajiye a buhu a lungun ɗaki ba a ɗauke shi bakin kome ba, yau yana cikin manyan kayan da Jigawa ke fitarwa zuwa ƙasashen waje. Dillalai na bi kasuwa-kasuwa suna tarawa, a kai Kano ko Maigatari a gyara, a loda zuwa tashar jiragen ruwa ta Ikko, mafi yawansa kuma ƙasar Meziko ake kai shi, inda suke jiƙa shi da sukari su sha da abinci. A Masar da Sudan, inda ake kiransa karkade, da shi ake shayar da baƙi a bukukuwan aure ba tare da wani ya ji an rage masa daraja ba, haka nan a Senegal ana alfahari da shi. Abin mamaki ne, wallahi, a ce abin da ake biyan kuɗin jirgin ruwa a ƙetare teku da shi, shi ne wanda ya noma shi yake jin nauyin ajiyewa a gaban surukinsa.

Zoɓon biki kuwa yana da ƙa'idoji waɗanda masu sana'ar suka sani. A fara wanke shi da ruwan sanyi a gaggauce, domin a ƙasa ake shanya shi, yashi kuwa in ya shiga baki sai ya ɓata dukan wahalar da aka sha. A tafasa shi da citta da kanumfari, da ɓawon abarba in an samu, kada a bar shi ya daɗe a wuta har ya yi ɗaci, kada kuma a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, saboda tsaminsa yana cin ƙarfe. Wasu kan jefa 'yar kanwa don ta kashe tsami a rage sukari, sai dai tana mai da jan ya yi duhu, in ta yi yawa kuma ta kashe ɗanɗanon baki ɗaya. Sukari sai an tace ya huce ake sawa, kuma gara a sa shi da sauƙi a ajiye wani a gefe. Tsamin nan nasa shi ne ya sa ya fi sauran jure zaman jira, don haka shi ne abin da ya kamata a yi da yawa. Sai dai a tuna cewa likitoci sun tabbatar yana saukar da hawan jini, suna kuma shawartar mai juna biyu kada ta yawaita shi.

Kunun aya shi ne sarkin daɗi, shi ne kuma mafi rashin haƙuri. Ayar da ake sayarwa a kasuwanninmu da yawanta daga jihar Maraɗi take shigowa, a jiƙa ta, a markaɗa da dabino da kwakwa, a tace. Amma saboda maiƙo da zaƙin da ke cikinsa, in babu sanyi 'yan sa'o'i kaɗan suka ishe shi ya tsinke ya yi yauƙi. Wanda zai yi shi a bikin bazara, sai ya markaɗa da asuba, ya nutsa robobin cikin ƙanƙara, ya rabar kafin azahar, in kuwa ba shi da halin haka to barinsa ya fi alheri. Kunun zaƙi ya fi shi dauriya kaɗan, ga shi kuma yana riƙe ciki, shi ya sa ya dace da yinin mata, inda akan daɗe ana jiran a sauke tukunya. Lamurje da ruwan tsamiya suna da masoyansu, musamman a cikin tsofaffi.

Fura da nono kuwa matsayinta dabam ne, ba a lissafa ta tare da waɗannan. Ita ce ake damawa a ƙwarya mai kyau, a rufe da sabon faifai, a ɗora ludayi, a kai wa malaman da suka ɗaura aure da dattawan da suka zo karɓar aure daga wani gari. A ƙasar da Fulani ke kewaye da kowane ƙauye, ana iya yi wa mai nono magana tun ana saura mako, ta tanadi kindirmo wanda ba a tsarma masa ruwa ba. Ban taɓa jin dattijon da aka tarye shi da irin wannan ya tafi yana cewa an wulaƙanta shi ba.

Yadda kwalba ta shigo zaure

Lemon kwalba ba daɗaɗɗen abu ba ne a ƙasar nan. Kamfanin Leventis ne ya kafa masana'antar da ke cika Coca-Cola a Nijeriya a shekarar 1951, aka fara fitar da shi a Ikko a 1953, daga baya aka buɗe reshe a Kano. Seven-Up ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1960, ranar da aka sami mulkin kai, Maltina kuma ta fito a 1976. Da farko abin 'yan boko ne da ma'aikatan En'e da fatake masu zuwa kurmi, sa'an nan kuɗin man fetur na shekarun 1970 da kwaltar da aka shimfiɗa suka kai kiret har ƙauyen da ba shi da famfo. Ruwan leda, wanda kowa ke kira fiya wata, ya biyo baya a shekarun 1990.

Adalci ne a faɗi abin da ya sa mutane suka karɓe shi, domin ba wauta ce ta sa ba. Kwalba a rufe take, ba a tsoron hannun da ya taɓa cikinta, ba kuma a tsoron abin da wasu ke tsoro a taron da maƙiyi da masoyi suka gauraya. Ba ta lalacewa in ta kwana. Tana da ƙidaya, kiret ɗaya kwalba 24, mai gida ya san abin da ya fita da abin da ya rage. Ga shi kuma ana iya sa ta a jaka a kai wa yara tsaraba, abin da mata ba sa wasa da shi.

Amma ta zo da wani abu wanda ƙwarya ba ta san shi ba. A dā gidauniya ɗaya ake ajiyewa a tsakiya, ludayi ya zaga, hakimi ya sha, mai kiwon dokinsa ma ya sha daga abin da ya sha. Yanzu kuwa sai ka ga an kasa mahalarta walima kashi-kashi gwargwadon abin da aka ajiye a gabansu: maltin gwangwani da lemon kwali ga waɗanda suka zo da mota, lemon roba ga na bayansu, zoɓo a ƙulle a leda ga sauran jama'a, almajirai kuma su jira abin da ya rage a gindin kwalabe. Kowa yana ganin na kowa, kowa kuma ya karanta matsayin da mai gida ya ba shi ba tare da an furta ba. Malamai sun daɗe suna karanta mana hadisin Abu Huraira da ya zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Ni kuwa a ganina, kiran talaka a zaunar da shi a nuna masa da kwalba cewa shi na baya ne, bai yi nisa da wannan zargin ba. Ba a hana girmama manya ba, shari'a ma ta yi umarni da a saukar da mutane a matsayinsu, sai dai ana iya yin haka a zaure na dabam, da fura da shimfiɗa, ba a tsakiyar fili ba.

Ga amsar tambayar da muka fara da ita ke nan. Abin da ke sa a ce mai biki ya gaza abu uku ne: a zo a zauna ba a kawo kome ba, ko a kawo ya ƙare kafin ya kai ƙarshen layi, ko a sha a kwana ana zawo. Wanda ya sayi kiret biyar don mutum ɗari uku ya fi kusa da faɗawa cikin na biyu bisa ga wanda ya cika durom da zoɓo mai sanyi, alhali kuwa ya fi shi kashe kuɗi. In akwai hali a haɗa biyun, madalla. In babu, cin bashi don a burge wanda gobe ba zai tuna ba, israfi ne wanda aka yafa masa rigar karimci.

Akwai kuma zancen sukari, wanda ba a so a ji shi a ranar farin ciki. Kwalbar kola mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin cokali goma sha biyu a yini. Gwamnatin tarayya ma ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan a dokar kuɗi ta 2021. A kowane taro akwai masu ciwon sukari, da yawansu kuma kunya ba za ta bar su su mayar da abin da aka miƙo ba, saboda haka jarka guda ta zoɓo marar sukari, wadda aka yi wa alama, sadaka ce babba. Game da malti, wasu masu tsentseni kan guje shi saboda kamfanonin giya ne ke yin mafi shahararsa, wasu kuma na duban abin da ke cikin gwangwanin kawai. Mai gida ya san mutanensa. Amma dogayen kwalaben nan na ruwan inabi mai kumfa da ake fasawa a ɗakunan taro na Kano, ana ɗaga kofuna sama, ko da babu barasa a ciki, malamai da yawa sun ƙi su saboda kamanceceniya da majalisar mashaya, ƙauye kuwa bai yi asarar kome ba da bai koye su ba.

Inda haɗarin yake

Duk yabon da muka yi wa abin gida yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne tsabta. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe sama da dubu uku, Jigawa da Kano da Bauci kuma suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Cutar a ruwa take tafiya. Zoɓon da aka tafasa sa'a guda, in aka sirka shi da ruwan rijiyar da ba ta da murfi, ko aka jefa masa ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, tafasar ta tashi a banza. Ƙanƙara a wajen roba ake sa ta, ba a ciki ba. Robobin da yara ke tsintowa a tasha da bakin asibiti su sayar, ɗauraya ɗaya ba ta tsarkake su. Ko a sayi sababbi, ko a wanke da sabulu da ruwan zafi, ko kuwa a koma ga kofi da buta.

A cikin shekarar 2021 ɗin dai, a watan Maris, aka yi ta kwasar mutane zuwa asibitocin Kano suna amai suna fitsarin jini, har gwamnatin jihar ta ba da sanarwar rasuwar mutum goma, ɗaruruwa kuma suka kwanta. Da hukumar NAFDAC ta bi sawu sai ta tarar da garin lemo wanda wa'adinsa ya wuce, da wani sinadari mai guba da aka sayar wa masu haɗa lemo da sunan ɗan tsami. Garin da aka auno a leda, babu suna babu kwanan wata, ba shi da gurbi a tukunyar biki, tun da ga tsamiya, ga lemon tsami, ga zoɓon kansa da tsaminsa na halitta.

Lissafi da tsarin rabo

Lissafin ba shi da wuya in an zauna an yi shi. A ƙaddara ana sa ran mutum 300, a kuma sani cewa a ƙasar Hausa wanda aka gayyata yakan zo da wanda ba a gayyata ba. In kowa zai sha rabin lita na ruwa da rabin lita na wani abu, ana bukatar lita 150 na kowanne, wato jarka shida-shida masu cin lita 25. In fiya wata ne, jaka 15 masu ɗauke da ƙulli 20. Da bazara a ninka ruwan. Sa'an nan a raba abin gida biyu tun kafin a fara, rabin maza da rabin mata, a damƙa kowanne ga mutum guda wanda ba ya jin kunyar cewa a'a, domin abin da ya fi faruwa shi ne abokan ango su kwashe mai sanyin a ƙofar gida bayan ɗaurin aure, mata kuma, waɗanda su ne suka kwana a bakin murhu, kuma su ne za su yini har a kai amarya, su tashi da ɗumi ko da babu. A ware na masu girki tun da safe, a ware na 'yan rakiyar amarya a ɓoye, a kuma ware na almajirai da maƙwabtan da ba su iya fitowa ba.

Ladubban rabo kuwa sunna ta riga ta tsara su. Ana farawa da babba, sa'an nan a bi ta dama, kamar yadda Anas ya ruwaito cewa an ba wani baƙauye da ke dama madara kafin Sayyidina Abubakar da ke hagu. Ana miƙawa da hannun dama, ba a hura iska a mazubi, mai shayarwa kuma shi ne na ƙarshen sha. A cikin gida za ka ji gwaggon amarya tana tsaye a kan 'yan mata tana cewa, "Ke 'yar nan, fara kai wa su Inna da dangin ango, ki durƙusa, kada ki miƙa a tsaye," yarinya kuma ta ajiye ta ce, "Inna, ga ruwa, sannunku da hanya." Yaran da suka iya wannan sun fi kiret goma amfani ga sunan gida.

Idan dare ya yi, an kai amarya, hayaniya ta lafa, sai samari su shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan ango, a hura gawayi a ɗora 'yar buta, domin kusancin wannan yanki da Damagaram ya sa shayin Buzaye ya zauna daram a majalisunsa, ana dafa ganye ɗaya har sau uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, ana zagayawa da ƙananan kofuna har a raba dare. Dattawa kuwa ba su cika zama wannan ba, sun riga sun tafi da abinsu a aljihu tun da hantsi, wato goron ɗaurin aure, wanda in babu shi ko an shayar da gari duka ba a ce an shaida aure ba. Yadda wannan ɗan itace da ba ya tsirowa a ƙasarmu ya taso daga Gwanja da kurmin Yarabawa ya zama shi ne hatimin kowane alkawari a ƙasar Hausa, da yadda ake ƙidaya shi da rabonsa tsakanin dangin uwa da na uba, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.